Qatar, Emirates ko Ethiopian: wanne mai tashi daga Kano zai hau?

Duk wanda ya tashi yankar tikitin fita waje daga nan Arewa, ko Caina zai je saro kaya, ko Indiya zai kai mara lafiya, ko yaro ne za a tura karatu Malesiya, da wuya hira ta yi nisa ba a ambaci sunayen nan uku ba, Qatar Airways da Emirates da Ethiopian Airlines. Kuma yadda ake yanke hukuncin yawanci shi ne wani ya ce ai Qatar ne na ɗaya a duniya, wani ya ce haba ai babu kamar Emirates, sai ejan ya ce Alhaji ga Ethiopian nan ya fi sauƙi, shi ke nan an gama magana an tura kuɗi. Ni abin da nake so mutanenmu su gane shi ne sunan da kamfani ya yi a duniya daban, abin da kai mai tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano a kujerar ekonomi da akwatuna biyu za ka gani daban, kuma na biyun shi ya kamata ka biya kuɗinka a kai.

Bari in fara da Qatar tunda shi ake ta yayi. Sunan nan ba na banza ba ne gaskiya. Kamfanin Skytrax na Ingila da ke tattara ra'ayin fasinjoji duk shekara ya ba shi kambin gwarzon kamfanin jiragen sama na duniya sau tara, farawa daga 2011 har zuwa 2025, babu wani kamfani da ya taɓa tara haka, shi Emirates sau huɗu ya samu kuma na ƙarshen tun 2016 ne. Filin jirginsu na Hamad da ke Doha da aka buɗe a 2014 shi ma ya zo na ɗaya a duniya a 2021 da 2022 da 2024. Amma fa ka sani kaso mai yawa na wannan yabon daga gaban jirgi yake fitowa. Kujerar nan mai ƙofa da suke kira Qsuite wadda suka fito da ita a 2017, wadda kake gani a bidiyo mutum ya rufe ƙofa ya miƙe ya kwanta, ta bizines ce, kuma ko a bizines ɗin ma ba kowane jirginsu ne ke da ita ba, tana cikin wasu Boeing 777 da Airbus A350 ne, to in ƙaramin jirgin nan Boeing 787 da ake kira Dreamliner aka sa a hanyarka ka biya kuɗin bizines kana tsammanin ɗaki mai ƙofa ba lallai ka same shi ba. Wanda zai kashe irin wannan kuɗin don Allah ya duba irin jirgin da taswirar kujerun kafin ya biya.

Mu da ke baya kuma, me ake samu? Ana samun jirgi mai tsafta, ma'aikata masu sakin fuska da ba sa yi maka kallon raini don ka zo da babbar riga ko don Turancinka ya karye, abinci halal gaba ɗaya ba sai ka nema ba, talabijin a bayan kowace kujera, bargo da filo, banɗaki da ake lura da shi har ƙarshen tafiya, wannan na ƙarshen kar ka raina shi, tafiyar awa bakwai ce tsakanin nan da Doha kuma duk wanda ya taɓa shiga banɗakin jirgi bayan mutum ɗari biyu sun yi ta shiga ya san me nake nufi. Tun ƙarshen 2024 kuma suka fara saka intanet na Starlink kyauta a manyan jiragensu, in ka dace da wanda aka saka wa za ka yi WhatsApp da gida kana sama. Faɗin kujera da wurin miƙe ƙafa dai kusan duk ɗaya ne da na sauran, kar wani ya ce maka ekonomin Qatar gado ne. Kujera ce kawai.

Babban abin da ya ɗaga darajar Qatar a wajen ɗan Arewa ba kambin Skytrax ba ne, zuwansu Kano ne. Sun fara Abuja a ƙarshen 2020, sannan a watan Maris na 2022 suka fara sauka Kano da Fatakwal. Wannan ya canja lissafi sosai, don mutumin Katsina ko Dutse ko Azare, har da 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka saba tsallakowa Kano su hau jirgi, zai iya ajiye akwatinsa a kan sikeli a Kano a liƙa masa takarda sai can inda za shi. Ba kullum jirgin ke tashi daga Kano ba kuma jadawali na canjawa, wani lokaci yana biyawa ta wani gari a cikin Najeriya kafin ya miƙe, don haka ka duba ranakun da ke akwai a lokacin da za ka yi tafiya kafin ka tsayar da rana da wanda zai tarbe ka.

To Emirates fa. Wannan shi ne sunan da iyayenmu 'yan kasuwa suka sani tun zamanin da Dubai ce kasuwar kowa, ana zuwa Deira a saro gwal da atamfa da turare da waya a dawo. An kafa shi a 1985, kuma in ana maganar nishaɗin cikin jirgi har yanzu da wuya a samu wanda ya kamo shi, tsarinsu na kallo da suke kira ice tashoshi dubbai ne, har da karatun Alƙur'ani, yaro zai zauna shiru daga tashi har sauka. Abincinsu ma halal ne kuma suna cika faranti. Sai dai abu biyu. Na farko wannan katon jirgin mai hawa biyu, A380, da shi ne hoton Emirates a zuciyar kowa, ba shi ke zuwa Najeriya ba, Boeing 777 ne, kujeru goma a jere, uku huɗu uku, in kai mai jiki ne kafaɗarka za ta gaya maka, sai dai ko ka dace da A380 ɗin a zango na biyu daga Dubai zuwa gaba. Na biyu kuma shi ne babba: Legas.

Ku tuna abin da ya faru. A 2022 kuɗin tikitin kamfanonin waje suka maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala, Emirates suka ce nasu ya kai dala miliyan 85, suka dakatar da zuwa a ƙarshen Oktoba na shekarar, a daidai lokacin kuma Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza. Kusan shekara biyu babu su, sai 1 ga Oktoba 2024 suka dawo, kuma da suka dawo ɗin Legas suka dawo, alhali a da suna zuwa Abuja. Ni ba na ganin laifin kamfani don ya nemi kuɗinsa, haƙƙinsa ne, amma wanda ke lissafin wa zai dogara da shi dole ya sa wannan a sikeli, a shekarun nan biyu Qatar da Ethiopian suna nan suna ɗaukar mutane. Yanzu ɗan Kano da ya dage sai Emirates sai ya sayi tikitin jirgin gida zuwa Legas, wanda kilon da suke bayarwa bai kai na jirgin waje ba don haka zai biya kuɗin ƙarin kaya, ya sauka a tashar gida ya kwashi akwatunansa ya nemi mota zuwa tashar ƙasa da ƙasa, kuma in jirgin gidan ya yi jinkiri ya rasa na Dubai, in tikitin biyu ne daban daban Emirates babu ruwansu, ba su suka makarar da shi ba. Shi ya sa masu hankali ke tafiya Legas tun ana gobe, ga kuɗin otal ya shigo. Haka za a maimaita a dawowa lokacin da kayan suka ninka. In kana zaune a Legas ɗin, ko Agege ko Idi Araba, ko kana Akara tunda can ma suna zuwa, wannan duk bai shafe ka ba kuma Emirates zaɓi ne mai kyau ƙwarai, musamman in Dubai ɗin ce ƙarshen tafiyarka, ka hau ka sauka babu tiranzit. Amma daga Kano, wallahi wahalar ta cinye daɗin.

Ethiopian kuma shi ne wanda ake yawan rainawa a baki amma a hau shi a aikace. Ya girmi sauran biyun nesa ba kusa ba, jirginsu na farko ya tashi zuwa Alƙahira tun 1946, suna zuwa Najeriya tun 1960, suna sauka Legas da Abuja da Kano da Inugu. A 2017 da aka rufe filin jirgin Abuja na sati shida don gyaran titin jirgi aka ce kowa ya koma Kaduna, manyan kamfanonin Turai suka ƙi, Ethiopian ne ya yarda ya sauka Kaduna, mutanen Arewa da ke bin labarin jirage ba su manta da wannan ba. Kuma kar ka ɗauka tsofaffin jirage suke ja, su ne kamfanin Afirka na farko da ya fara aiki da Dreamliner a 2012 da kuma A350 a 2016, kuma shekara da shekaru su Skytrax ke ba na ɗaya a Afirka. Ga ɗan Yamai ko ɗan Njamena ma maganar ba ta da tsawo, Ethiopian na zuwa garinsu, sauran biyun ba sa zuwa.

Inda ya fi ƙarfi shi ne tsarin lokacinsa. Jiragen Afirka ta Yamma suna isa Adis Ababa da daddare, na Asiya su tashi wajen tsakar dare, a dawowa ka iso Adis da asuba da hantsi ka kamo hanyar gida. Kano zuwa Adis bai kai awa biyar ba, sannan doguwar tafiyar Gwanzu, birnin kasuwancin nan na Caina, ta fi awa goma, amma zaman jira kaɗan ne. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Farm Centre da ke zuwa Caina sau da yawa a shekara abin da yake so ke nan, ya bar gida yau ya kwana a sama gobe yana kasuwa, ba ruwansa da lambun cikin filin jirgi.

To amma a nan ne bambancin ya fi fitowa fili, filin jirgin Bole na Adis da na Hamad ba sa haɗuwa. Bole an faɗaɗa shi a 2019 amma fasinja sun fi ƙarfinsa a lokutan nan biyu, dare da safiya, don kusan duk Afirka a lokaci guda take zubowa. Ka iso ƙofar jirgin Gwanzu wajen sha ɗayan dare ka ga kujeru sun cika, mutane a zaune kan jakunkunansu, ɗan Kano da ɗan Anaca da ɗan Kinshasa kowa na riƙe da fasfo da katin shiga, ana layi a wurin soket ɗin cajin waya, ma'aikaciya ɗaya na ɗaga murya tana kiran lambar rukuni babu mai jin ta sosai, sau da yawa kuma ba ta gada za ku shiga ba sai an zuba ku a bas an kai ku gindin jirgi, kuma garin a kan tudu yake sama da mita 2,300, sanyin daren ba na wasa ba ne, wanda ya taho daga zafin Kano da 'yar shara sai haƙoransa sun haɗu a kan matattakalar. Ka sa rigar sanyi a jakar hannu. Matashi mai ƙarfi wannan ba komai ba ne a wajensa. Amma ka hango Hajiya mai shekara saba'in da ciwon gwiwa da ba ta jin Turanci, ko mai jego da goyo da yara biyu, ko wanda aka yi wa aiki a Indiya yana dawowa da ɗinki a ciki, sai ka ga abin ya zama wani abu daban.

Hamad kuwa an gina shi ne don mai jira. Alamomi da Larabci da Turanci ko'ina, masallatai na maza da na mata da wurin alwala mai kyau, ɗakunan hutu masu kujerar kishingiɗa, wurin wasan yara, ƙaramin jirgin ƙasa a ciki don girman wurin, ga katon ɗan tsanan nan ruwan ɗorawa a tsakiya da kowa ke cewa mu haɗu a wajensa, ga lambun da suka buɗe a 2022. Matsalarsa girman ne, tafiya daga wata ƙofa zuwa wata tana iya cin minti ashirin ko fiye, kuma abinci da tsada. Wani lokaci kuma zaman jiran ya yi tsawo, ka duba tikitin da kyau don mafi arahar yakan zo da jiran awa takwas ko goma. Tashar Emirates a Dubai ita ma haka take da girma da kyau, cunkoso ya ɗan fi yawa.

Wannan ne ya sa ni in dattijo ne ko mara lafiya ko mace mai tafiya ita kaɗai da yara ko wanda bai taɓa fita ba, ba na dogon tunani, Qatar nake cewa, ko da an ɗora wani abu a kan kuɗin. Kuma ko wanne kamfani ne, a nemi keken guragu tun wajen bukin, aƙalla kwana biyu kafin tafiya, kyauta ne ba a biya, kuma ba sai wanda ba ya iya tafiya kwata kwata ba, wanda doguwar tafiya ke wahalar da shi ma ya cancanta. Amfaninsa ya wuce keken, ma'aikacin da ke turawa shi zai bi da mai tafiyar ta wurin bincike ya kai shi har ƙofar jirgi na gaba, babu ɓata babu tambaya. Mara lafiyan da ciwonsa ya yi tsanani ko yake buƙatar iskar oksijin kuma akwai fom ɗin likita da kamfani ke so a cike tun kafin ranar, kar a bari sai an je kantar filin jirgi a ce ba zai hau ba. Mai zuwa Indiya kuma kar ya manta katin rigakafin shawara.

Maganar kaya. Dukkansu uku a hanyar Afirka da ƙidayar akwati suke aiki, yawanci biyu masu kilo 23 kowanne, jakar hannu kilo 7, amma Qatar da Emirates suna da tikiti mai rahusa da wani lokaci akwati ɗaya ne kawai a ciki, kuma shi ne wanda ke fara fitowa a sama in kana neman mafi araha, to araha ba ta ado, ka karanta. Kilo 23 ɗin nan kuma na kowane akwati ne ba jimilla ba, shi ya sa kullum a kantar Kano za ka ga wata baiwar Allah ta durƙusa ta zuge akwati a gaban jama'a tana kwashe ƙullin kuka da daddawa da yaji daga wannan tana cusawa a wancan, ɗaya ya yi 27 ɗaya 18, layi na jira tana gumi. A auna a gida. Sannan tun Nuwamban 2023 Ethiopian suka sanar ba sa karɓar jakar Gana mas go daga Najeriya sai an sa ta cikin kwali ko wani abu mai tauri mai kusurwa huɗu, don tana maƙalewa a belin kaya, filin jirgin Dubai ma ya daɗe da hana kaya marasa siffa. Kilishi kuma ƙasashe da yawa ba sa barin nama ya shiga, wannan ba dokar kamfanin jirgi ba ce ta kwastan ɗin can ce. Fawa bank a jakar hannu ake sa shi ba a akwati ba, kuma Emirates tun Oktoban 2025 sun hana amfani da shi a cikin jirgi gaba ɗaya.

A wajen 'yan kasuwa Ethiopian ya fi sanin halinmu, sun saba da mai dawowa da kaya niƙi niƙi kuma suna da harkar kago mai ƙarfi tsakanin Caina da Afirka. Sai dai ƙorafin da aka fi ji a kansu shi ne na akwati ya biyo baya, musamman lokacin da kowa ke dawowa, bayan baje kolin Canton da ake yi a Gwanzu na Afrilu da na Oktoba ko gab da salla, dalili kuwa a fili yake, jiran tiranzit gajere ne kuma jirgin zango na biyu wani lokaci ƙarami ne. Hakan na faruwa a ko'ina har Doha da Dubai, yawansa ne ya bambanta. Abin da zai cece ka ɗaya ne ko wane kamfani ne: kar ka fita daga filin jirgi sai ka je teburin kayan da suka ɓata an cike maka takardar rahoto an ba ka lamba, kuma ka adana 'yar takardar da aka liƙa maka a bayan katin shiga. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1999 da Najeriya ke ciki, akwatin da ya fashe kwana 7 gare ka ka rubuta ƙorafi, wanda ya makara kwana 21 daga ranar da ka karɓe shi, in ya kai kwana 21 bai zo ba ana ɗaukarsa ya ɓata, kuma diyyar tana da iyaka, wajen dala dubu biyu ne ko me ke ciki. Don haka gwal da wayoyi masu tsada da kuɗi da magani ba a akwati suke tafiya ba.

Abinci da ibada kuwa, Qatar da Emirates ba ka da fargaba a kan nama, kuma allon kujera na nuna maka alƙibla. A Ethiopian ka sa a rubuta maka abincin Musulmi tun wajen bukin, ba a cikin jirgi za ka nema ba. Dukkansu uku suna raba giya ga wanda ya nema, wannan ya kamata a faɗa wa dattawanmu tun a gida kada su gani su firgita, wanda ba ya son ganin ta sam to Saudia ko EgyptAir zai duba. Tunda na ambace su, mai zuwa Umara ni ban ga dalilin da zai sa ya wuce Saudiyya ta sama ya tafi Doha ko Dubai sannan ya dawo baya ba in akwai jirgin da zai kai shi Jidda ko Madina kai tsaye, sai dai in kujera ta ƙare ko bambancin kuɗin ya yi yawa kamar yadda ake gani a goman ƙarshe na azumi. In ta kama dole, a tuna miƙati ya danganta da ta inda aka ɓullo, mai tahowa daga Doha ko Dubai ta gabas yake shigowa, ta wajen Ƙarnul Manazil, mai tahowa daga Adis ta kudu, ta wajen Yalamlam, don haka in Jidda za a sauka a ɗaura harami tun a filin jirgin tiranzit, a nan ma wuraren wanka da alwala na Hamad sun fi sauƙi.

Akwai masu cewa ba sa hawa Ethiopian saboda hatsarin 10 ga Maris 2019, jirgin da ya tashi zuwa Nairobi ya faɗi mintuna kaɗan bayan tashi mutum 157 suka rasu, ciki har da 'yan Najeriya biyu, Farfesa Pius Adesanmi da Ambasada Abiodun Bashua. Abin baƙin ciki ne ƙwarai. Amma jirgin sabo ne fil, Boeing 737 MAX, irinsa ne ya faɗi a Indonesiya wata biyar kafin nan, kuma matsalar wata manhaja ce da Boeing suka saka mai danna hancin jirgi ƙasa, shi ya sa aka dakatar da samfurin a duk duniya kusan shekara biyu. Ɗora wa kamfanin wannan gaba ɗaya ba adalci ba ne. Sauran ma kowa da tabonsa. Jirgin Emirates ya kama wuta wajen sauka a Dubai a Agustan 2016, duk mutum 300 da ke ciki suka fita da rai amma ɗan kwana kwana ɗaya ya rasu. Qatar kuma a Oktoban 2020 da aka tsinci jaririya a banɗakin filin jirgin Hamad aka sauko da mata daga jirage, har da mai zuwa Sidni, aka yi musu binciken da ya keta mutuncinsu, gwamnatin ƙasar ta ba da haƙuri, maganar ta kai kotu a Ostireliya, kuma duk mai 'ya mace dole abin ya sosa masa rai. Ta fuskar lafiyar tashi da sauka dai duka ukun kamfanoni ne da hukumomin Turai da Amurka suka yarda su shiga ƙasashensu, ba a nan zaɓin yake ba.

Wani abin da ba a cika lissafawa ba shi ne unguwar da kamfanin yake zaune. A Afrilun 2024 ruwan sama irin wanda ba a taɓa gani ba ya mamaye Dubai, Emirates suka soke jirage kusan 400, mutane suka kwana a ƙasa kwana da kwanaki har shugaban kamfanin Tim Clark ya fito ya rubuta wasiƙar ban haƙuri. A 23 ga Yunin 2025 da Iran ta harba makamai kan sansanin Amurka na Al Udeid da ke Katar aka rufe sararin samaniyar Katar na wasu awanni, jirage suka juya, dubban mutane suka maƙale. Duk lokacin da yankin Gulf, inda Doha da Dubai suke, ya ɗau zafi hanyar Adis ce ke zama mafita, kuma a irin ranakun ne za ka gane amfanin tikiti ɗaya tun daga Kano har ƙarshe, don in duk tafiyar a kan lamba ɗaya take nauyin kamfani ne ya sake maka jirgi ya ba ka abinci da masauki in jiran ya yi tsawo. Ethiopian suna da otal ɗinsu na Skylight dab da filin jirgi kuma sun saba kwantar da fasinjan da jiransa ya yi tsawo, Emirates da Qatar ma suna da irin tsarin amma da sharuɗɗa, ya danganta da irin tikitinka da kuma ko fasfonka zai ba ka damar fita, kuma da koren fasfo wannan ba abin da za ka ɗauka tabbas ba ne, ka tambaya a rubuce kafin ka biya.

Kuɗi ba zan faɗi adadi ba don da dala yake tafiya, na yau ba na gobe ba ne. Galibi Ethiopian ke ƙasa, amma ba kullum ba, akwai lokutan da Qatar ke sakin farashi har ya yi daidai da shi ko ya fi shi sauƙi, don haka a duba duka biyun a rana ɗaya, kuma a haɗa da kuɗin canja rana, don ɗan kasuwa da mai jinya da wuya su dawo ranar da suka rubuta. In kana yawan tafiya ka tsaya wa ɗaya ka yi rajistar maki, ShebaMiles na Ethiopian yana aiki da kamfanonin Star Alliance irin su Turkish da EgyptAir da Lufthansa, na Qatar yana tafiya da oneworld irin su British Airways da Royal Air Maroc, in ka hau mataki ana ƙara maka kilo, wanda ga mai saro kaya kuɗi ne tsaba.

Ni dai ga inda na tsaya, mai ƙarfi da ya san hanya kuma lokaci da kuɗi ne damuwarsa ya hau Ethiopian hankalinsa kwance, mai rauni ko baƙon tafiya a sa shi a Qatar, Emirates kuma a bar wa na Legas da wanda Dubai ce inda za shi. Kuma ko wanne ka zaɓa, in ta hannun ejan ka saya, kar ka yarda da takardar da ya turo maka a WhatsApp kawai don tana da tambarin kamfani, don riƙe kujera daban yankar tikiti daban, riƙon yana faɗuwa da kansa in ba a biya ba. Ka nemi lambar tikiti mai lamba 13, ta Qatar da 157 take farawa, ta Emirates da 176, ta Ethiopian da 071, sannan ka ɗauki lambar bukin mai harafi shida ka shiga shafin kamfanin da kanka ka ga sunanka daidai yadda yake a fasfo, ka ga yawan akwatunan, ka sa lambar wayarka da imel ɗinka a maimakon na ejan don in an canja lokaci kai za a sanar. Lokutan da ke jikin tikitin kuma agogon garin da aka rubuta ne, Doha da Adis suna gaban Najeriya da awa biyu, Dubai da awa uku, Gwanzu da awa bakwai, a yi wa wanda zai je tarba wannan lissafin tun kafin a tashi.